Babbar riga a kan teku: yadda ɗan Damagaram zai shirya sutura da ɗabi'a kafin ya hau jirgin ruwan shaƙatawa

A da, in ka ce wa mutumin Zinder za a hau jirgin ruwa a kwana bakwai a kan teku, ba fatauci ba, ba aikin Hajji ba, shan iska kawai, sai ya tambaye ka ko lafiya kake. Yanzu kuwa 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sarin kaya suna ganin waɗannan jirage a tasha, 'ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Faransa da Turkiyya har saya wa iyayensu tikiti suke yi. Da maganar ta tabbata, tambayar da dattijo ke fara yi ita ce: "To, me zan sa? Za su bar ni da babbar rigata? Hajiya fa, da hijabinta za ta shiga?"

Za su bar ka, Alhaji. Dokar sutura a jirgi magana ce ta lokaci da wuri: wannan kayan na rana ne, wancan na dare, wannan na bakin ruwa, wancan na teburin abinci. Duk wanda ya tashi a garin da ke da fada ya riga ya san wannan, don babu mai zuwa gaisuwar Sallah gaban Sarkin Damagaram a Birni da kayan da ya je gona da su. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake tafiyar da abin a jirgi, da kuma abin da ya fi sutura wuya, wato riƙe ido da baki a cikin dubban mutanen da ba irin shigarka suke yi ba.

Mataki na 1: ka san jirgin kafin ka je wurin tela

Kowane kamfani da tsarinsa. Cunard na Ingila, mai jirgin Queen Mary 2 da ke ƙetare Tekun Atlantika zuwa Niyok cikin kwana 7, yana cikin masu tsauri. Da ƙarfe 6 na yamma ta yi ana sa ran kowa ya koma kayan mutunci, kuma akwai darare na musamman da maza ke sa baƙin kwat da naktaye, mata su sa dogayen riguna na biki. Wanda bai yi shigar ba, ba za a kore shi ba, amma a wurin ɗiba-da-kanka zai ci abincinsa, ba a babban ɗakin cin abinci ba. Kamfanin Norwegian kuwa ya yi suna ne da cewa babu daren da yake tilasta wa kowa ado.

Waɗanda mutanenmu suka fi haɗuwa da su su ne MSC da Costa, masu tashi daga Marsey, Basalona da Jenowa a Bahar Rum, a wasu shekaru kuma har daga Dubai a lokacin sanyi. Suna da daɗi ga ɗan Nijar saboda Faransanci yana cikin harsunan da ake sanarwa da su. A tafiyar kwana 7 akan ware dare ɗaya ko biyu na ado, sau da yawa kuma akan yi daren da kowa ke fitowa da fararen kaya. Sai Aroya na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a watan Disamban 2024: babu giya, babu gidan caca, abinci na halal ne, akwai wurin salla. Idan tafiyar ta iyaye ce, kuma wannan ne fitarsu ta farko, ni irin wannan zan fara dubawa, don rabin damuwar da za mu tattauna a ƙasa ba za ta taso ba.

Ka karanta shafin sutura na kamfanin da kanka, ko ka sa yaro ya karanta maka. Idan ba ka ga maganar kayan gargajiya ba, a rubuta musu a tambaya, a ajiye amsar a waya. A aikace, mutumin Indiya na zuwa da matarsa cikin sari, ɗan Sikotland da siket ɗinsa, Balarabe da farar jallabiya, duk ana karɓarsu a daren ado. Babbar riga mai aiki da hula ba ta gaza ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tun kana nan kuma ka duba tasoshin da jirgin zai tsaya. Idan a cikin zagayen Bahar Rum akwai Tunusiya ko Maroko, jirgin zai fita daga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ya sake shiga, don haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta ishe ka ba.

Mataki na 2: ɗinki da shirya akwati

Nan ne aikin yake. Abu na farko da za ka sani shi ne ba a yarda da dutsen guga a ɗakunan jirgi ba. Ana wuce da akwatuna ta na'ura a tasha, in an gani a cire a ajiye sai ranar sauka. Haka kyandir, haka risho, haka duk abin da ke yin zafi ko hayaƙi. Hajiya, wannan ya haɗa da kasko da gawayi da turaren wuta. Na san mace 'yar Damagaram ba ta jin ta gama shiri sai kayanta sun sha hayaƙi, amma babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara, don a tsakiyar teku babu wurin gudu. A shekarar 2006 wuta ta tashi daga barandar wani ɗaki a jirgin Star Princess, wadda masu bincike suka danganta da guntun sigari, ta cinye ɗakuna da yawa, mutum ɗaya ya rasu. Mafita mai sauƙi ce: a turara kayan a gida kwana biyu kafin tafiya, a naɗe su da ɗuminsu a cikin leda, a ɗaure. Humra da turaren mai a ƙananan kwalabe, a nannaɗe da tsumma, su shiga babban akwati.

Shadda kuwa, a kai ta wurin masu bugu ta dawo a ninke, kada a warware ta. Ka shimfiɗa ta a ƙasan akwati yadda take, ka sa ledar wanki tsakanin kowace riga da 'yar'uwarta, takalma su koma gefe. Da ka shiga ɗaki ka rataye wadda za ka sa daren farko. In ta ɗan yamutse, ka rataye ta a banɗaki lokacin da kake wanka da ruwan zafi, tururin zai sassauta ta. Akwai masu wanki da guga a jirgi, ana biya a kan kowace riga, amma ba su san shadda ba. In ka ba su, ka rubuta musu cewa guga kawai kake so, kada su jiƙa, don in gezna ta shiga injin wankinsu ƙyallin ya tafi ke nan.

Ga namiji a tafiyar mako guda, babbar riga ɗaya ta isa, biyu in kamfanin mai tsauri ne. Kada ka manta jirgin sama ne zai kai ka tasha, ko daga Yamai ko daga Kano, kuma akwati ɗaya yawanci kilo 23 ne, babbar riga mai aikin hannu da 'yar ciki da wando kuwa ba ƙaramin wuri suke ci ba. Sauran dararen kaftani mai kyau da hula sun wadatar. Ka sa fari guda ɗaya a ciki saboda daren fararen kaya. Da rana, 'yar shara ko riga da wando marasa nauyi. Takalmi sau-ciki na dare ɗaya, da na yawo mai ƙasan roba, domin daɓen saman jirgi yakan jiƙe kuma takalmin fata mai sumul yana zamewa. Aikin dukawan garinmu abin tunƙaho ne, ka tafi da shi, amma ka bar shi wa teburin dare.

Ga mace, leshi ko shadda mai aiki da ɗaurin kallabi su ne na daren ado, atamfa da abaya na sauran kwanaki. Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne iska. A saman jirgi, in yana tafiya, iska takan ɗauke mayafi daga kafaɗa kafin ki ankara, lufaya kuma ta buɗe kamar za ta tashi da ke. Ki tafi da filoli da yawa da hijabi mai kama fuska don hawa sama, ki bar gyale mara nauyi wa cikin jirgi. Doguwar riga mai jan ƙasa tana da haɗari a matakala, tela ya rage ta ta tsaya a idon sawu. Kowa kuma ya ɗauki rigar sanyi. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, kuma sanyin Bahar Rum a watan Janairu ya fi hunturunmu shiga ƙashi.

A tasha za a karɓi manyan akwatuna, ba za su iso ƙofar ɗakinka ba sai bayan sa'o'i. Fasfo, magunguna, sallaya, caja da kaya canji ɗaya su kasance a jakar hannu.

Mataki na 3: atisayen ranar farko

Kafin jirgi ya tashi dole kowane fasinja ya je wurin taruwarsa na gaggawa, lambar wurin tana jikin katin ɗakinka. An tsaurara wannan doka bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Jiliyo na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka mutu. Alamar haɗari ita ce busa gajeru 7 da doguwa 1. Ka je da wuri, ka yi shiru ka saurara, kuma a ɗaki ka gwada rigar ceto a kan kayan da suka kama jiki. In ta ɓaci, babbar riga da lufaya a ɗaki za a bar su.

Mataki na 4: teburin dare

Kullum da yamma ana kawo takardar shirin gobe ɗakinka, ko ka gan ta a manhajar kamfanin, a ciki ake rubuta shigar da ake so a daren. Babban ɗakin cin abinci yakan yi zama biyu, ɗaya wajen ƙarfe 6 da rabi, ɗaya wajen 9, kuma lambar teburinka da lokacinka suna kan katinka. Ka zo a kan lokaci. Mai kawo abinci yana jira teburi ya cika kafin ya fara, jinkirin minti 20 na mutum ɗaya yana hana mutum shida ci.

Abin da ake hanawa a nan kusan ɗaya ne a ko'ina: kayan wanka, tafiya ba takalmi, singileti, kuma a jirage da yawa gajeren wando da hular hana-salla da dare. Hularka ta ɗinki ko dara cikin shigarka take. In wani sabon ma'aikaci ya yi maka maganarta, ka gaya masa cikin natsuwa cewa kayan ƙasarku ne, in bai gane ba ka nemi shugaban ɗakin.

Mai yiwuwa a haɗa ku teburi da baƙi, kuma za su sha giya a gabanku. In ba za ka iya zama ba, kada ka zauna kana ɗaure fuska har mako ya ƙare. Tun ranar farko da rana ka je wurin shugaban ɗakin ka nemi teburin iyalinka kaɗai, abu ne da suke yi kullum ba tare da tambayar dalili ba. In kuma ka zauna da su, ka gaishe su, ka faɗi sunanka da ƙasarka. Matar da ta miƙo maka hannu ba raini take nufi ba, gaisuwarsu ke nan. Ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka ɗan rusuna da murmushi, ka yi gaisuwar da baki tun kafin hannunta ya daɗe a iska. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma kusan kowa yakan gane.

Maganar halal a rubuta wa kamfani tun makonni kafin tafiya. A teburi kuma ka gaya wa mai kawo abinci tun daren farko cewa ba ka cin naman alade kuma ba ka cin abin da aka dafa da giya, domin a girkin Italiya da Faransa giya takan shiga miya, shinkafa da kayan zaƙi ba tare da an gani ba. Shi ne zai yi maka hidima har ƙarshen tafiya, zai riƙe.

A wurin ɗiba-da-kanka, a wanke hannu da sabulu kafin a shiga. Akwai ƙwayar cutar amai da gudawa da ke yaɗuwa da sauri a jirage, ta hannu take bi. Kowane abinci da cokalinsa ko matsensa, ba a sa hannu ko don ɗaukar burodi, kuma in za ka ƙara, sabon faranti za ka ɗauka. Ɗebi kaɗan ka dawo. Yana ci mini rai in ga an tula faranti an bar rabi, mu da muka san yadda shekarar fari take. Mai cin goro ya ajiye tukarsa a takarda ya kai kwandon shara. Ba a tofa ko jefa komai a teku.

Mataki na 5: alwala da salla

A ɗakinka za ka yi alwala. Sa ƙafa a wurin wanke hannu na banɗakin jama'a yana jiƙa ƙasa, tsofaffi su zame, kuma yana jawo mana maganar da ba mu buƙata. Ka tafi da ƙaramar buta ta roba. Masai na jirgi da iska yake zuƙa, ban da takardar da suka ajiye kada a jefa komai, toshewar ɗaki ɗaya takan shafi maƙwabta. Alƙibla tana sauyawa da juyawar jirgi, amma talabijin ɗin ɗaki yana nuna taswira da inda aka dosa. Hukuncin ƙasaru da salla a zaune in igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ka tambayi malaminka tun kana gida. Kada a shimfiɗa sallaya a hanya ko bakin matakala, hanyoyin gudun gaggawa ne.

Mataki na 6: ido da baki

A saman jirgi akwai wuraren iyo, kuma za ka ga maza da mata, tsofaffi da yara, cikin kayan da a wurinmu ko a tsakar gida ba a zama da su. Babu wanda ya ce ka yarda da shigar. Abin da ke wuyanka shi ne idonka, kuma umarnin runtse ido a Suratun Nur bai tsaya a bakin teku ba. Jiragen nan manya ne, Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana da hawa 20 kuma yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000, ko matsakaicinsu ma yana da wuraren zama da yawa. Ka gano hanyar da za ta kai ka wurin abinci ba ta bakin ruwa ba. Bayan asuba saman jirgi kusan babu kowa, lokacin shan iskarku ke nan.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a ɗauki hoto ko bidiyon mutane a aika gida ta WhatsApp ana "ku ga yadda suke". Tona asirin wanda bai san kana yi ba ne, kuma in ya kai ƙara jami'an tsaron jirgi za su neme ka. Haka yin gulmarsu da Hausa don ana ganin ba sa ji. Ba sa jin kalmomin, amma labarin zuciya a tambayi fuska: taɓe baki da zunɗe ba su buƙatar tafinta. Wannan ya shafi har 'yan'uwanmu Musulmi. Za ki ga 'yar Maroko ko 'yar Turkiyya ba ɗankwali, wataƙila da asuba ta riga ki tashi.

Kuma shiga a jirgi ba ta nuna matsayi. Dattijon da ka gani da rana cikin koɗaɗɗen gajeren wando da silifas, hanci ya ƙone da rana, yana bin layin shayi kamar kowa, shi ne za ka gani da dare cikin baƙin kwat, riƙe da hannun tsohuwar matarsa yana ja mata kujera. Wata kuma da ta sha ado kamar amarya, shekaru ta yi tana tara kuɗin wannan mako ɗaya, daren nan shi ne bikinta. Mu da muka saba auna mutum da tsadar shaddarsa, a nan ma'aunin ba ya aiki.

Kai ma za a kalle ka. Ranar da ka sauko matakala da babbar riga, hannuwa a naɗe a kafaɗa, Hajiya a gefenka da ɗauri, kawuna za su juyo. Yawanci sha'awa ce. Wata za ta matso ta tambayi sunan yadin, wani ya ce ko kai sarki ne, wani ya nemi hoto. In kana so ka yarda, in ba ka so ka ce a'a da fara'a, kuma a tambayi Hajiya da kanta kafin a ɗauke ta. Da yawa za su ɗauka Nijeriya ka ce, ka gyara musu ba tare da jin haushi ba, ka gaya musu garinka ne babban birnin Nijar kafin a mayar Yamai a 1926. Amma ba duka kallo ne na alheri ba. Akwai wanda zai miƙo maka faranti don ya ga baƙar fata ya ɗauka ma'aikaci ne, akwai wadda za ta tsuke fuska don ta ga hijabi. Ka ce masa kai fasinja ne, ka wuce. In abin ya kai ga zagi ko tsangwama, kada ka rama a wurin, don ana iya sauke duk wanda ya yi faɗa a tasha ta gaba, ya nemi hanyar gida da kuɗinsa. Ka je teburin karɓar baƙi, a buɗe yake dare da rana, ka faɗi wuri da lokaci, akwai kyamarori kusan ko'ina. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya cire hularsa ko mace ta ajiye hijabinta don wani ya harare su. Kuɗin da suka biya kuka biya.

Mataki na 7: ma'aikata

Yawancin masu gyara ɗaki da kawo abinci 'yan Filifin ne, da Indonesiya da Indiya, sukan yi wata 6 zuwa 9 ba su ga iyalansu ba, suna aiki kullum. Kowa da sunansa a ƙirji, ka kira shi da shi. Ba a yi musu tsaki, ba a ƙyasta yatsa, ba a kiran "kai!" daga nesa. Da yawa daga 'yan Indonesiya Musulmi ne, in ka yi musu sallama za ka ga yadda fuska ke washewa. Kamfanoni sukan ɗora kuɗin hidima a kan asusunka na jirgi kowane dare, a jiragen Bahar Rum wajen Yuro 12 ga babba, kusan jaka 8 ke nan tunda Yuro 1 sefa 656 ne. Ka sa shi a lissafi tun daga gida, kuma kada ka nemi a cire, cikin abin da suke aika wa gida ne.

Mataki na 8: ranar sauka gari da daren ƙarshe

A nan shigarmu riba ce. Majami'ar Fadar Paparoma a Rum ba ta barin mai buɗaɗɗen kafaɗa ko gwiwa ya shiga, za ka ga ana mayar da masu gajeren wando kai kuwa ka wuce, sai dai namiji yakan cire hula a cikin majami'a, in ba za ka cire ba ka tsaya daga waje. A Masallacin Sheikh Zayed na Abu Dabi mata sai da rufin kai da dogon hannu, Hajiya ta riga ta cika sharaɗi. Kafin ka sauka ka rubuta lokacin da aka ce kowa ya dawo, yawanci minti 30 kafin tashi, ka saita agogonka da na jirgi ba da na garin ba. Jirgi ba ya jiran wanda ya tsaya ciniki a kasuwa.

Daren ƙarshe za a ce ku fitar da manyan akwatuna bakin ƙofa kafin ku kwanta, ba za ku sake ganinsu ba sai a tasha. Kafin ka rufe akwati ka ware kayan da kowa zai sa da safe, har takalmi da hula da mayafi, ka haɗa da fasfo, magani da katin ɗaki a jakar hannu, sannan ka duba takardar asusunka a daren, don layin masu gyaran lissafi da safe dogo ne.